Ranar da Gangar Lantarki Ta Tona Asirin Baba

Ni mai mantuwa ce, kowa a gidanmu ya shaida. Nakan ɗora tukunya in tafi duniyar tunani, sai ƙauri ne zai dawo da ni. Amma akwai wata Asabar guda da mantuwata ta kasa cinyewa, kuma na tabbata ko tsufa ya zo ya kwashe komai daga kaina, ita zai bar ta a inda take. Ita ce ranar da na tsaya a kan dandamali ina waƙa, mahaifina yana bayana yana kiɗa, jama'a suna ta yi masa dariya, shi kuwa bai sani ba.

Baba ma'aikaci ne a wani kamfanin saƙa buhuna a Sharaɗa. Tun yana saurayi ya baro ƙauyensu a kudancin Kaduna ya shiga ɗakin saƙa. Yana wannan aikin ya yi aure, yana yinsa aka haife mu a Na'ibawa, yana yinsa furfura ta same shi. Sau ɗaya na taɓa leƙa ɗakin, ina 'yar makaranta, da aka aike ni wurinsa. Injuna ne jere, kowanne yana juya zaren leda yana ruri, kuma ƙarar ba a kunne take tsayawa ba, har cikin haƙora ake jin ta. Na fito na yini kaina yana amsawa. A cikin ɗakin nan ba a magana da baki. Da hannu suke hira. In mutum ya shimfiɗa tafinsa yana danna iska ƙasa, yana nufin a rage gudu. In ya ja yatsa a wuya, a kashe inji. Har tsegumi da zolaya da hannu suke yi, ka ga dattawa biyu a nesa da juna suna ƙyalƙyala dariyar da ba wanda ya ji ta.

Akwai 'yan robobin toshe kunne da kamfanin yake da su. Baba ya ce ana raba su ne ranar da baƙi za su zo dubawa, in baƙin sun tafi a bi kowa a karɓe.

A hankali kunnen Baba ya tafi, kamar yadda ruwa yake janyewa daga rafi ba a ga ranar da ya fara ba. Da farko rediyo ce ya riƙa ƙara wa murya. Daga baya muka lura in kana bayansa, ko kiran me za ka yi ba zai juyo ba, in kuma kana gabansa, bakinka yake kallo ba idonka ba. A gida ba mu taɓa ambaton abin da sunansa ba. Mama takan taɓa kafaɗarsa kafin ta yi magana, mu ma muka koya. A wurin aiki kuwa sirri ne babba, domin a lokacin an sami sababbin shugabanni, kuma kowa ya san suna neman dalilin rage tsofaffin hannu. Wanda aka gano ido ko kunne ya yi masa rauni, tasa ta ƙare. Abokan aikinsa sun sani, suka rufa masa. Babban mai rufa masa shi ne amininsa, wani dogon dattijo mutumin Nijar da muke kira Kawu. In wani babba ya shigo ya yi wa Baba magana ta baya, Kawu ne zai yi wuf ya amsa, ko ya jefo masa alama daga nesa. Kawu yana kiran Baba da Fasto, Baba yana kiransa Liman, alhali cikinsu ba wanda ya taɓa jan ko mutum biyu.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, duk da haka Baba ne makaɗin cocinmu, kuma bai taɓa kuskure ba. Na tambaye shi wata rana yadda yake yi. Ya ce, "Uwata, ai ganga ba da kunne kaɗai ake jin ta ba. Tana zuwa ta wuyan hannu, ta cinya, ta kujerar da kake zaune."

Shi ya nuna mini cewa ƙaramar gangar nan da ke tsakanin gwiwoyin makaɗi, mai bakin ƙarfe, tana da muryoyi biyu da suka bambanta kamar raɗa da tsawa. In ka kwantar da sanda a kan fatar, ka danne gindinta da tafin hannu, ka ɗaga ɗaya ɓangaren ka sauke shi a bakin ƙarfen kawai, sai ta ce tak, a bushe, a natse, kamar baƙo mai kunya a bakin ƙofa. Baba yana kiran wannan ƙwanƙwasa. In kuwa ka ɗaga sandar sama ka haɗa fata da baki ka maka lokaci guda, sai ta ce kau, har ƙirji. Wannan kuma bulala yake ce mata. A gangar gaske, ƙwanƙwasa ƙwanƙwasa ce, ko da wane irin ƙarfi ka sauke ta. Itace ne ya taɓa ƙarfe, ba zai rikiɗe ya zama wani abu ba.

A ƙarshen wannan shekarar kamfanin ya shirya wa ma'aikata biki, aka ce kowane sashe ya kawo abin nishaɗi. 'Yan ɗakin saƙa suka ce su suna da makaɗi, makaɗin kuma yana da 'ya mai waƙa. Lokacin na gama jami'a ina zaune a gida, ba abin da nake yi sai karance-karance da rubuta baitoci. Na yi murna ƙwarai. Na zauna na rubuta waƙa a kan mutanen da nake gani tun ina yarinya suna wucewa da asuba a kan kekuna, da 'yan kwanukan abincinsu ɗaure a baya. Waƙa ce mai sanyi, mai tafiya a hankali. Ba ta bukatar komai sai muryata da ƙwanƙwasar Baba. Muka yi ta gwadawa a coci bayan an tashi, har Mama ta ce mun ishe ta.

Ranar bikin muka isa da hantsi don mu gwada kaya. An kafa rumfuna a filin da manyan motoci suke lodi, an jera kujerun roba, an yi dandamali da katako. Kamfanin ya ɗauko hayar masu kiɗa daga cikin gari, su kuma suka zo da gangunan lantarki. Ban taɓa ganinsu kusa ba sai ran nan. Wasu baƙaƙen faifai ne a rataye jikin ƙarafa, kowanne da wayarsa, wayoyin duka sun tafi cikin wani ɗan akwati mai maɓallai da suke kira ƙwaƙwalwa. In ka buga faifan ba shi ne yake ƙara ba. Saƙo yake aikawa ƙwaƙwalwar, ita ta zaɓi sauti ta tura wa lasifika. Lasifikokin kuwa an kafa su can gaba, sun ba dandamali baya suna fuskantar jama'a.

Baba ya zauna, ya shafa faifan tsakiya, ya matsa bakinsa na roba da yatsa, ya yi dariya.

"Wannan ai faranti ne. Ina gangar?"

Kawu ya zagayo gabansa, ya buɗe baki sosai yadda zai gani. "Fasto, yau dai za mu gani, kiɗan naka na gaske ne ko cika baki ne."

"Liman, kai dai ka riƙe carbinka da kyau, kada ƙafarka ta ci amanarka."

Ya kwantar da sanda yadda ya saba, ya ɗaga, ya sauke. Lasifika ta ce kau! Wani mai jera kujeru ya zabura har ya yar da ta hannunsa. Baba ya sake saukewa. Kau! Na dubi hannunsa, ƙwanƙwasa yake yi, babu ko shakka. Na dubi fuskarsa, babu alamar ya ji wani abu.

Na nufi mai kayan. Saurayi ne da baƙin tabarau, yana tsugune yana naɗe waya, yana taunar cingam. Na gaishe shi, na ce ko gangar ta sami matsala ne.

"Matsala? Sista, kin san daga inda aka kawo wannan kayan kuwa?" Ya miƙe, kuma da yake yana son a san ya sani, ya yi mini bayani tiryan-tiryan. Ya ce abin da Baba yake so shi ake kira kurostik, wanda yake fitowa kuma rimshot. Bakin faifan hanya ɗaya gare shi ta aika saƙo, don haka ƙwaƙwalwar da nauyin bugu take rarrabewa. Akwai iyaka da aka sa mata. Bugun da bai kai iyakar ba ta ba shi kurostik, wanda ya wuce ta ba shi rimshot. "Hannun tsohon ne ya yi nauyi. Shi ke nan."

"Iyakar nan ana iya ɗaga ta?"

"Me zai hana? Nan da nan ma."

Raina ya yi fari. Na ce, "To don Allah Yayana, ka ɗan ɗaga mana. In mun gama sai ka mayar."

Ya girgiza kai tun ban rufe baki ba. Ya ce ya saita wa makaɗinsa ne, in ya taɓa yaron zai zo yana yi masa surutu. Ya ce waƙa ɗaya tal za mu yi, ba zai birkita kayansa saboda waƙa ɗaya ba. Na roƙe shi. Na ce waƙar gaba ɗaya a kan wannan sautin take tsaye. Ya ce, "Ki gaya wa tsoho ya riƙa taɓawa a hankali. In ya ji ta yi kau ai sai ya sassauta. Ba kunne gare shi ba?"

Har yau ina tuna tambayar nan. Amsarta tana bakina, amma ita ce magana ɗaya da ba ni da ikon furtawa a cikin harabar kamfanin nan. Na tsaya ina kallonsa, ya koma ya ci gaba da naɗe wayarsa.

Kawu ya ce bari ya hau babur ya ɗauko gangar cocinmu. Mai shirya bikin ya ce a'a, manyan baƙi za su zo, ba za a ɗora musu tsohuwar ganga a dandamali ta ɓata tsari ba. Sai na koma gaban Baba na durƙusa, na ce, "Baba, wannan ba ta son ƙarfi. In ka danna sai ta ba da bulala. Ka sauke kamar kana taɓa jariri." Ya gwada. Na riƙa ɗaga masa kai in ta fito daidai, in girgiza in ta kauce. Bayan ɗan lokaci ya kama ma'aunin. Tak, tak, tak. Ya ce, "Ba komai Uwata, na gane ta. Sai dai ba ta amsa mini. Kamar ina ƙwanƙwasa katifa."

Da la'asar wuri ya cika. Manya da 'yan ofis suna rumfar gaba a kan kujeru masu laushi, ma'aikata da iyalansu suna baya. Aka yi jawabai, 'yan sashen ɗinki suka yi wasan kwaikwayo, aka yi dariya. Sannan mai gabatarwa, wani ɗan ofis mai yawan barkwanci, ya kira ɗakin saƙa. 'Yan baya suka ɗauki tafi da fito. Na hau. Dole in fuskanci jama'a, don haka Baba ya koma bayana, ba zai ƙara ganin fuskata ba.

Ya fara. Tak. Tak. Wurin ya yi tsit. Na ɗauka:

Kun fito tun taurari ba su kwanta ba,
Kun saƙa wa hatsin ƙasa riga.

Wallahi baitin farko ya yi kyau. Na ga wata tsohuwa a baya ta dafe ƙirji. Na ga wasu 'yan ɗakin saƙa sun karkato da kai, kowa ya miƙo kunnen da ya fi masa dama. A raina na ce mun tsira.

Amma kiɗa yana da yadda yake ɗaukar mai yinsa. Da waƙar ta zauna, Baba ya lumshe ido, jikinsa ya tafi da ita. Robar nan kuwa ba ta mayar masa da komai a wuyan hannu, sai hannun ya shiga neman amsar da ya saba ji, yana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan ba da saninsa ba. Ina tsakiyar baiti na biyu lasifika ta ce kau!

Wata mata a rumfar gaba ta yi 'yar ƙara. Wani jariri ya fashe da kuka. Kau! Kau! A tsakiyar waƙar da na rubuta don ta zama kamar raɓa, sai ga bulala tana sauka a kan kowace gaɓa. Dariya ta fara daga gaba, a ɓoye, ana toshe baki da hankici. Mai gabatarwa ya ga dama ta samu. Ya dafe bayansa, ya riƙa tsalle duk lokacin da ta sauka, kamar shi ake zanewa. Ya kai makirufo baki ya ce, "Baba mun tuba! Wa ya taɓa Baba? A ba shi haƙuri!" Rumfar gaba ta kece gaba ɗaya.

Na ci gaba da waƙa, ban san ma me nake faɗa ba. Na ɗan waiga. Idon Baba a rufe, fuskarsa cike da natsuwa, har da ɗan murmushi. A cikin kansa waƙar 'yarsa tana tafiya lafiya lau.

Sai manajan ma'aikata ya miƙa hannu aka ba shi makirufo. Mutum ne mai fara'a, kullum cikin fararen kaya. Yana dariya ya ce, "Baba, a sassauta mana." Muryarsa ta cika filin, har ta dawo daga bangon sito. Baba bai motsa ba. Ya sake faɗa, wannan karon ya kira shi da cikakken sunansa, da ƙarfi. Duk wanda ke harabar nan ya ji, har masu gadi a bakin ƙofa. Mutum ɗaya ne bai ji ba.

Na ga lokacin da dariyar ta bar fuskar manajan. Ba fushi ne ya maye gurbinta ba. Kallo ne irin na wanda ya daɗe yana neman abu, sai ga shi a gabansa.

Kawu ya taso daga baya da dogayen ƙafafunsa, ya ratsa tsakanin kujerun manya bai nemi izinin kowa ba. Ya zo bakin dandamali ya daki katakon da tafin hannu. Girgizar ta isa kujerar Baba, ya buɗe ido. Kawu ya shimfiɗa tafinsa ya danna iska ƙasa. A rage gudu. Ceto ya zo yi, Allah ya sani, kuma ba shi da wata hanyar. Amma manajan ya san alamun ɗakin saƙa, ya kuma ga cewa abin da lasifika ta kasa isarwa, hannu ya isar nan take.

Baba ya dubi Kawu, ya dubi jama'a, ya ga bakuna a buɗe da ragowar dariya. Ya gane. Sai ya sassauta, ya sassauta ƙwarai, har bugun ya gaza kaiwa inda ƙwaƙwalwar za ta san an taɓa ta. Sandar tana tashi tana sauka, babu sautin komai. A haka muka ƙarasa: ni ina waƙa ni kaɗai, mahaifina yana bayana yana kaɗa shiru, yana bin fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya ko zai karanta abin da yake fitowa daga hannunsa. Wannan ya fi mini bulalar ciwo. Da na sauke baitin ƙarshe 'yan ɗakin saƙa suka miƙe tsaye suka yi tafi mai tsawo. Cikinsu ban ga wanda ya yi dariya ba tun farko.

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da baƙin ciki kawai zan riƙa tunawa da shi, ba da fushi ba. Amma bayan an raba abinci, manajan ya ji sha'awar hawa gangar a ɗauke shi hoto. Ya tattare hannun rigarsa, ya zauna, ya kwantar da sanda yana kwaikwayon yadda ya ga Baba ya yi. Kau! Kafin ya sake ɗagawa mai kayan ya iso da gudu, har tabaransa yana zamewa.

"Yallaɓai, ku dakata in gyara muku."

Ya sunkuya kan ƙwaƙwalwar, ya danna da babban yatsa, ya murɗa wani abu. Ban gama jan numfashi ba ya ɗago. "Bismillah, Yallaɓai." Manajan ya shiga dukan bakin faifan kamar mai faskare, lasifika kuwa tana ta ba da tak, tak, tak, mai daɗi, mai ladabi. 'Yan ofis suka yi tafi. Mai gabatarwa ya ce ashe Oga gwani ne ya ɓoye.

Ni ba mai faɗa ba ce. A makaranta ko littafina aka ɗauka sai dai in yi shiru in sayi wani. Amma ran nan ban san lokacin da ƙafata ta kai ni gaban mai kayan ba.

"Ashe ana taɓawa?"

Ya dube ni kamar bai gane ni ba, sannan ya yi murmushi. "Haba Sista, ai wannan Oga ne."

Na ce, "Wancan kuma ubana ne."

Muryata ta fita fiye da yadda na yi nufi, har wasu suka juyo. Ya ɗaga kafaɗa, ya tofar da cingam, ya juya wurin wayoyinsa. Kawu ne ya kamo hannun mayafina ya ce, "Zo mu tafi 'yata, babanki yana jira." Muka same shi a bakin ƙofa riƙe da kekensa, abincin da aka ba shi yana rataye a leda bai buɗe ba.

Cikin makon da ya biyo aka kira Baba ɗakin shan magani na kamfanin. Gwajin bai ɗauki lokaci ba. Ma'aikaciyar jinya ta tsaya a bayansa ta yi magana, shi ke nan. Aka ce masa saboda lafiyarsa ba zai yiwu ya ci gaba da tsayawa kusa da inji ba, kuma a halin yanzu babu gurbi a wani sashen.

Na je ofishin manajan ban gaya wa kowa ba. Ya karɓe ni da fara'arsa, har ya sa aka kawo mini ruwa. Ya yabi waƙata. Ya ce, "'Yata, ki duba mana. Da inji ya kama wani, aka yi ihu bai ji ba fa? Ai taimakonsa muka yi."

Na ce, "Yallaɓai, ranar da kuka ɗauke shi aiki, da kunnensa ya zo muku ko babu?"

Ya dubi agogonsa. Ya ce shekaru ne, kowa in ya tsufa sai wani abu ya ragu. Na ce to me ya sa tsufan ya fi kama 'yan ɗakin saƙa, bai kama 'yan ofis ba? Ya yi murmushi ya ce ni yarinya ce mai ilimi, Allah ya ba ni aiki mai kyau, in gaishe da Baba. Ya miƙe, wato an sallame ni. Na fito ina kuka, ba don ya zage ni ba, sai don bai ma ga na kai a yi mini musu ba.

Ranar da Baba ya kwaso kayansa, da rana tsaka ya dawo, lokacin da bai taɓa kasancewa a gida ba. Rigar aikinsa da takalmansa suna cikin wani sabon buhu, irin wanda shi da kansa yake saƙawa. Ya jingine keken, ya zauna a kan benci a tsakar gida. Mama ta shige ɗaki don kada ya ga fuskarta. Na kawo masa ruwa na zauna a gabansa. Ya daɗe yana juya kofin, sannan ya ce, "Uwata, ki gaya mini gaskiya. Yaya ta fito ran nan?"

Na ce, "Bulala, Baba."

"Tun daga farko?"

"A'a. Baitin farko ya yi kyau ƙwarai."

Ya gyaɗa kai a hankali. "To sun ji maganar rigar hatsin?"

"Sun ji."

"Madalla. Wurin nan ya fi mini daɗi." Ya shanye ruwan. Sai ya ce, "Na ɓata miki waƙa."

Mutumin da aka cinye wa kunne, aka yi masa dariya, aka raba shi da aikin da ya ba ƙuruciyarsa, shi ne yake ba ni haƙuri. Na kama hannun nan nasa mai kanta, wanda aka ce ya cika nauyi, na riƙe.

Bai ƙara samun aikin kamfani ba. Ya zagaya kamfanonin Challawa da Bompai, ko'ina da sun yi masa tambaya biyu sai su ce za su neme shi. Yanzu yana ɗan gyaran kekuna a ƙofar gida. Kawu yana zuwa duk Juma'a da yamma, su zauna suna hirarsu da hannu suna dariya, maƙwabta suna kallonsu. Yana kaɗa gangarsa a coci har yanzu, kuma har yanzu ba ya kuskure, sai dai ya zama mai yawan waiwaye.

Na daɗe ina jin haushin na'urar nan, daga baya na gane ba ta da laifi. Iyakar da aka sa mata ta bi, kuma mutum ne ya sa ta, mutum ne ya ƙi matsar da ita. Abin da ranar ta koya mini shi ne, ba kullum ake cutar mutum da duka ko zagi ba. Sau da yawa sauƙin da zai rufa maka asiri yana nan ƙarƙashin yatsan wani, ba zai rage shi da komai ba, amma sai ya tsaya ya auna ko kai wane ne kafin ya danna. Yanzu ina koyarwa a makaranta, kuma kusan kullum sai wani ya tsaya a gabana yana roƙon ɗan abin da yake hannuna: a matso da shi gaba, a maimaita masa, a ɗan jira shi. Ba na tambayar ɗan wane ne, ba na kuma cewa sai ya faɗi dalili. Na riga na san cewa wani dalilin, in mai shi ya faɗe shi, ya rasa komai.